Yadda Marubuci Mai Zaman Kansa Zai Yanke Farashi, Ya Karɓi Kuɗinsa, Ya Kuma Ɗaga Darajar Aikinsa

Tambayar da matasan marubuta suka fi yi mini ba ta wuce guda ba: "An kawo mini aiki, nawa zan ce?" Wani fassara wata ƙungiya ta ba shi, wata tallar kanti aka ce ta rubuta, wani kuma mai tashar YouTube ne ya neme shi da labari. Kowa jira yake a yanka masa adadi. Ba zan yanka ba, domin abin da ya ishi mai zama a Gumel ba zai riƙe mai biyan haya a Abuja ba, kuma adadin da na faɗa yau zai iya zama abin dariya nan da wata shida. Abin da zan nuna shi ne yadda ake fitar da adadin, da yadda ake bin sa har ya shigo asusu. A bi matakan a jere. Yawancin asarar marubuci ba a farashin kalma take ba, tana cikin awannin da ya yi aiki bai lissafa ba: gyara kan gyara, jiran amsa, da zaryar neman ciko.

1. Fitar da kuɗin awarka

Kafin ka yi magana da kowa, zauna da takarda da biro ka fitar da adadi uku na wata guda.

Na farko kuɗin gida: abinci, haya idan an raba ta gida goma sha biyu, kuɗin makarantar yara, magani, zirga-zirga, da hidimar 'yan uwa wadda ka san ba ta tsallake ka. Na biyu kuɗin aikin kansa: data, katin waya, wuta ko man janareta ko kuɗin caji, da ɗan abin da za ka riƙa warewa domin ranar da kwamfuta ko waya za ta mutu. Na uku ajiya, domin akwai watan da aiki zai ɗauke ɗif.

Ga misali, kuma misali ne kawai, ka sa naka alƙaluman. A ce gida yana cin naira 240,000, aiki 40,000, ajiya 40,000. Jimilla 320,000. A ce kana aiki kwana 20 a wata. Yanzu abin da ake yawan kuskurewa: awa nawa a rana ake biyan ka? Ba takwas ba ce. Neman aiki, amsa saƙonni, rubuta takardar neman biya, jiran wuta, duk ba mai biyan su. Idan ka samu awa huɗu na zama cur a kan aikin da ake biya, ka yi ƙoƙari. Kwana 20 sau awa 4 ya ba da awa 80. Raba 320,000 da 80, ka samu naira 4,000. Wannan shi ne kuɗin awarka, kuma shi ne ƙasan da ba ka sauka daga kansa.

Gargaɗi: kada ka auna kanka da albashin ma'aikaci. Mutum yakan ce, tunda mafi ƙarancin albashi a Najeriya naira 70,000 ne tun 2024, in na samu 100,000 ai na wuce wurin. Ma'aikaci yana da hutu, yana da fansho, ofis ne ke ba shi kujera da wuta, kuma ranar da ya kwanta ciwo albashinsa yana tafiya. Kai duk waɗannan daga aljihunka suke fita.

Lissafin nan ba a yin sa sau ɗaya a ajiye. Wanda ya yi nasa kafin cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya ga yadda ya rushe cikin 'yan makonni, haka ma da hukumar sadarwa ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi na har kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025. Duk wata shida ka sake shi.

2. Auna aikinka da agogo

Sanin kuɗin awa ba shi da amfani in ba ka san awa nawa aiki ke ci ba. A ayyuka uku ko huɗu masu zuwa, rubuta lokacin da ka fara da lokacin da ka tashi, har da bincike da karanta abin da aka turo da wayar da kuka yi da mai aiki, wato wanda ya ba ka aikin.

A ce maƙala mai kalma 1,000 ta ci maka awa shida: biyu bincike, biyu da rabi rubutu, ɗaya tacewa, rabi magana da mai aiki. Shida sau 4,000 ya kama 24,000, wato naira 24 kowace kalma. A ce kuma a fassara kana gama kalma 300 a awa, har da bita. Raba 4,000 da 300, ya ɗan haura naira 13, sai ka cike shi ya zama naira 14 kowace kalma. Ka ga yanzu kana da farashin da ka san inda ya fito, ba wanda ka tsinta a bakin wani ba.

3. Zaɓi ma'aunin da ya dace da aikin

Ba kowane aiki ake saya da kalma ba.

Fassara da kalma ake yin ta, amma ka ƙirga kalmomin rubutun da aka kawo maka, ba na wanda za ka mayar ba. Dalili biyu ne. Kowa ya san adadin tun kafin a fara, don haka ba gardama a ƙarshe. Sannan Hausa takan fi Ingilishi tsawo, kalma ɗaya ta fannin lafiya ko shari'a tana iya buƙatar uku ko huɗu, kuma in da naka ake ƙirgawa sai a zarge ka da jan magana don ƙarin kuɗi. Microsoft Word da Google Docs duk suna nuna adadin kalmomi. In hoton takarda aka turo, ƙirga layi uku ka ɗauki matsakaici, ka ninka da yawan layuka, ka kuma ƙara kuɗin sake bugawa.

Talla, taken kamfani, saƙon rediyo na daƙiƙa talatin, waɗannan da aiki ake yanka su. Layi biyu na talla mai kama zuciya yana iya cin yini guda, in ka sayar da shi da kalma ka yi kyauta. Ka sa wa kanka mafi ƙarancin kuɗin da kake karɓa, misali kuɗin awa biyu, komai ƙanƙantar aiki, domin ƙaramin aiki ma yana zuwa da gaisuwa da tambaya da gyara.

Mayar da sauti zuwa rubutu da mintin sautin ake yi. A nan sababbi ke ƙonewa. Awa guda ta hira takan ci awa huɗu ko fiye, in kuwa a kasuwa aka naɗa ko mutum biyar ke magana lokaci guda, sai abin da ya yiwu. Saurari minti biyar daga tsakiyar sautin kafin ka buɗe baki.

Kula da shafin kamfani ko rubutun mako-mako da wata ake yi. Wannan ya fi kowanne kwanciyar hankali, da sharaɗin an faɗi adadi: rubutu goma sha biyu a wata, kowanne bai wuce kalma kaza ba. In ba a faɗa ba, za ka wayi gari kai ne mai amsa tambayoyin masu saye da ƙarfe sha ɗayan dare.

4. Yi tambaya kafin ka faɗi kuɗi

"Nawa kake fassara?" ba tambayar da ake amsawa a tsaye ba ce. Ka ce a turo ka gani. Bayan ka gani, nemi amsar waɗannan: wa zai karanta, a ina za a sa shi, yaushe ake so, wa zai duba ya amince, kuma da sunan wa zai fita.

Tambayar mai karatu tana da nauyi fiye da yadda ake zato. Takardar wayar da kai da za a raba a Damagaram ba ita ce ta Zariya ba. Kalmomin aro sun bambanta, can daga Faransanci nan daga Ingilishi, kuma a Nijar ana rubuta ƴ inda ake sa 'y a Najeriya. In ba ka tambaya ba, kai za ka sake aikin, kuma ba mai ƙara maka ko sisi. Ka kuma tabbatar da kuɗin da ake magana a kai, naira ce ko sefa ko dala.

Tambayar mai dubawa ita ce ke hana ciwon kai. In mutum ɗaya ne, madalla. In kwamiti ne, kowa da irin Hausarsa, to ka ƙara kuɗi tun yanzu, ka kuma nemi a tattara gyaransu a turo sau ɗaya.

Gargaɗi: in an ce ana so gobe da safe, ba laifi, amma gaggawa tana da kuɗinta. Ni ina ganin ƙarin kashi ɗaya bisa huɗu zuwa rabi daidai ne, domin barcinka da aikin wani za ka ture. Akwai kuma aikin da ba a tambayar kuɗinsa ma, mayar da shi ake yi: rubuta wa ɗalibi kundin kammala karatu, ko rubutun ɓata sunan wani. Ranar da asiri ya tonu, wanda ya sa ka ba zai san ka ba.

5. Faɗi farashi, ka yi ciniki

Faɗi farashi a rubuce, a taƙaice, ba tare da ban haƙuri ba. Ga irin yadda za a iya cewa:

"Assalamu alaikum, ranki ya daɗe. Na duba takardar, kalma 3,200 ce. Zan fassara ta a kan naira 51,200, har da bita da zagaye ɗaya na gyara. Zan miƙa ranar Alhamis in Allah ya yarda, idan rabin kuɗin ya shigo gobe Litinin."

Wannan naira 16 ke nan kowace kalma, ba 14 ba. Mu mutanen ciniki ne, wanda bai taya ba gani yake an cuce shi, don haka ka bar ɗan wurin ragi a saman ƙasanka. Amma ɗan wuri, ba ninki biyu ba. Wanda ya ce dubu ɗari ya sallama a talatin ya gaya wa mai saye cewa maganarsa ba ta da nauyi.

In an ce kuɗin ya yi yawa, kada ka fara da rage farashi. Tambayi abin da suka ware, sannan ka rage aikin ya yi daidai da kuɗin: a fassara babi biyu maimakon uku, a cire hirar da za ka yi, a ƙara wa'adi zuwa mako biyu don ka haɗa shi da wani aikin. In abin da suka taya ya gaza ƙasanka kuma ba su yarda a rage komai ba, ka ce albarka cikin mutunci, ka bar ƙofa a buɗe. Da yawa sukan dawo bayan sun gwada mai araha.

Abu uku za ka ji, gara ka shirya musu amsa. "Yi mana wannan da sauƙi, akwai manyan ayyuka a gaba." Ka ce to, a biya wannan cikakke, in manyan sun zo za ka yi ragi a kansu. "Za mu sa sunanka, mutane su san ka." Suna yana da amfani in wurin da masu ba da aiki ke karantawa ne, amma kai za ka auna, ba su za su auna maka ba. Sai gwaji kyauta. Kalma 150 zuwa 200 ta isa a gane hannun mutum. Wanda ya turo shafi biyar ya ce gwaji ne, akwai yiwuwar ya yanka littafin ne ya raba wa mutum ashirin, kowa ya yi "gwaji", aiki ya kammala ba a biya kowa ba.

Sai 'yan uwa da abokan arziki, waɗanda ba a iya ce musu a'a. Shawarata, ko dai kyauta ce fili ka faɗa da bakinka, a lokacin da kake da sarari, ko kuma aiki ne a kan farashi. Tsaka-tsakin nan na "ka kawo abin da ya samu" shi ke ɓata zumunci.

6. Rubuta sharuɗɗa, ka karɓi kafin alƙalami

Ba sai an je wurin lauya ba a ƙananan ayyuka. Saƙo ɗaya na WhatsApp ko imel wanda mai aiki ya amsa da "na amince" ya wadatar. In a waya ko a saƙon murya kuka yi magana, rubuta abin da kuka tsayar ka tura masa ya tabbatar. Saƙon ya ƙunshi abin da za a yi da tsawonsa, kuɗi da yadda za a biya, ranar miƙawa, zagayen gyara nawa ke ciki, kuɗin da za a biya in an fasa bayan ka fara, da kuma wanda ya mallaki rubutun.

Wannan na ƙarshen shi ne marubutanmu suka fi sakaci da shi, musamman masu ƙagaggun labarai. Mai tashar YouTube ya ce "sayar mini da littafinki", a biya kuɗi kaɗan, ba wanda ya fayyace me aka sayar. Izinin karantawa a tasharsa ne kawai? Na tsawon wane lokaci? Shi kaɗai ne, ko za ki iya ba wani? In gobe mai fim ya zo, wa zai yi magana da shi? Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta ce mayar da mallakar aiki ga wani, ko ba shi izinin da ya keɓanta da shi kaɗai, ba ya tabbata sai a rubuce. Don haka ki rubuta abin da kika bayar dalla-dalla, misali izinin karantawa da murya a tasha ɗaya na shekara biyu, ki riƙe sauran. Sayar da mallaka ɗungurungum kuɗinsa daban ne, kuma ya kamata ya ninka na izini sau da yawa. Haka rubutun da zai fita da sunan wani, jawabi ko maƙala ko littafi: tunda ba za ka iya nuna shi a matsayin naka ba, ka sa wannan rashin a cikin farashi.

Sannan kafin alƙalami. Tela ba ya yanka yadi sai an ajiye wani abu, kai ma haka. Rabi kafin a fara, rabi in an gama. Babban aiki a kasa shi uku, kowane kashi da biyansa. Aikin siyasa da na biki kuwa a biya duka tukuna, domin ranar da aka gama zaɓe ko aka kai amarya, wayar da ake ɗauka da ƙara ɗaya sai ta koma ba ta shiga.

Gargaɗi: hoton rasit ba kuɗi ba ne, saƙon alat ma ana ƙirƙirar na bogi. Buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna. In wani baƙo ya ce ya yi kuskure ya turo fiye da yadda kuka yi, ka mayar masa da ragowar ta wani asusu daban, tsaya cak ka tuntuɓi bankinka tukuna.

7. Kayan aiki da tsarin yini

Kayan ba su da yawa. Kwamfuta ko da tsohuwa ce, in babu kuwa waya mai kyau da ƙaramin allon bugu na Bluetooth sun isa a fara. Fawa-bank, layin waya biyu na kamfani daban-daban, da fitila mai caji. Sa allon rubutu na Hausa a wayarka, Gboard yana da shi, domin ƙ da ɗ da ɓ su fita daidai. Wanda ke biyan kuɗin Hausa yana lura da wannan tun a layin farko. Ka mallaki ƙamus, Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006 yana da amfani ƙwarai, sannan ka buɗe fayil naka na kanka inda kake tara kalmomin fannin da kake aiki a kai da yadda ka fassara su, don kada ka kira abu ɗaya da suna uku a takarda guda.

Game da lokaci, nemi awannin da kanka ya fi sakewa ka ba rubutu su. Ga da yawa bayan sallar Asuba ne, kafin gida ya tashi, kafin zafi. Kashe data a lokacin. Saƙonni ka ware musu lokaci biyu, hantsi da bayan La'asar, ka kuma sanar da masu ba ka aiki haka. Wanda ya saba samun amsarka cikin minti ɗaya zai ɗauka ba ka da abin yi.

Wa'adi kuwa, ka lissafa ranar da za ka gama, ka ƙara kwana ɗaya ko biyu kafin ka faɗa. Wuta za ta ɗauke, za a yi rasuwa a unguwa, yaro zai yi zazzaɓi. In ka hango ba za ka cika ba, faɗa kwana biyu kafin ranar, ba bayan ta wuce ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma mai aiki yakan yafe jinkirin da aka sanar da shi, amma ba ya manta wanda ya kashe waya.

Gargaɗi: kada aikinka ya kwana a wuri ɗaya. Ka yi rubutu a Google Docs, ko ka tura wa kanka fayil ta imel duk yamma. In kuma kana taimakon kanka da manhajar fassara ko ƙirƙirarriyar basira, ka san abu biyu: akwai masu aikin da suka hana, kuma takardun sirri na mutane ba a zuba su a irin waɗannan wurare ba da izini ba. Abin da na'ura ta fitar da Hausa sai an bi shi jimla-jimla, sau da yawa gyaransa ya fi sabon rubutu wahala.

8. Miƙa aiki, ka tsare iyakar gyara

Kada ka tura da zafinsa. Bar shi ya kwana in da hali, sannan ka karanta a bayyane da bakinka, inda harshe ya sarƙe nan gyara yake. Duba sunaye da alƙaluma su kaɗai a zagaye na daban. Sa wa fayil suna mai ma'ana da kwanan wata.

Ga sabon mai aiki wanda bai cika kuɗi ba, tura masa rabin aikin ko hotonsa ya gani, cikakken fayil ya biyo bayan ciko. In kuskurenka ne, gyara shi nan take ba ƙorafi, ba kuɗi. In kuwa ra'ayi ne ya sauya, an ce a juya maƙalar ta koma kan wani batu, ko an ƙaro shafi uku, wannan sabon aiki ne. Ka ce, "Malam, wannan ya fita daga abin da muka tsayar, zan yi shi a kan naira kaza." Ka kuma sa wa gyara wa'adi, kwana bakwai ko goma, don kada a dawo maka da shi bayan wata huɗu.

9. Karɓi cikonka

Da mutum ɗaya kake hulɗa, abin mai sauƙi ne: lambar asusu, tiransifa, shi ke nan. Ƙungiyoyi da kamfanoni kuwa suna da tasu hanyar, kuma wanda bai san ta ba zai yi ta zargin ana masa wasa. Tun ranar farko ka tambaya me sashen kuɗi ke bukata. Galibi za su nemi takardar neman biya mai ɗauke da sunanka, kwanan wata, lamba, bayanin aiki, adadi da asusu. Za su nemi lambar biyan haraji. Wasu ba sa biyan mutum sai mai rajistar sunan kasuwanci daga hukumar CAC, wadda ake iya yi ta intanet. Da yawa sai bayan kwana 30 suke biya, kuma daga ranar da takardarka ta isa suke ƙirgawa, ba daga ranar da ka gama aiki ba. Saboda haka ka tura ta tare da aikin.

Za kuma ka ga an zaftare wani abu. A Najeriya akan cire harajin da ake riƙewa tun daga tushe, kashi 5 cikin ɗari ga mutum mai irin wannan sana'a, wato aikin 100,000 ya zo maka 95,000. Ba sata ba ce, amma ka nemi shaidar cewa an kai shi hukuma da sunanka, domin ana lissafa maka shi a harajinka.

Masu aiki da ƙasashen waje ta dandali irin su Fiverr su lura da la'ada. Fiverr yana ɗaukar kashi 20 cikin ɗari, kuma yakan riƙe kuɗin kwana 14 kafin a iya cira. Ga kuskuren lissafin da ake yi: kana son 24,000 ta zo hannunka, sai ka ƙara kashi 20 ka ce 28,800. In an cire kashi 20 na wannan, 23,040 za ta rage. Daidai shi ne ka raba 24,000 da 0.8, ka samu 30,000. Sannan ka ƙara kuɗin cirewa ta Payoneer (kamfanin tura kuɗi tsakanin ƙasashe) ko banki, da bambancin canji. Aikin waje da dala ake yanka shi, kada ka juya farashinka na naira ka miƙa, domin kasuwar daban ce.

In an yi jinkiri, bi a hankali. Washegarin ranar biya, tunatarwa mai laushi tare da takardar. Bayan mako guda, kira, ka nemi a ba ka rana takamaimai. Bayan mako biyu, rubuta wa na gaba da shi ko sashen kuɗi, ka kuma dakatar da duk wani aikinsu da ke hannunka. In akwai wanda ya haɗa ku, sa shi a maganar, a wurinmu wannan ya fi kowace wasiƙa aiki. Tona asiri a Facebook shi ne abu na ƙarshe, kuma ni ban cika ba da shawararsa ba, domin masu ba da aiki na gobe ma suna karantawa.

10. Ɗaga farashi, ka zaɓi fanni

Buɗe littafi ko jadawali mai layi shida: mai aiki, irin aiki, kuɗi, awannin da ya ci, ranar miƙawa, ranar biya. Bayan wata uku, raba kuɗin kowane mai aiki da awanninsa. Sakamakon yakan ba da mamaki. Wanda ke biyan kuɗi mai kauri amma yana dawo da aiki sau biyar yana iya faɗowa ƙasa da mai ƙaramin aiki da ke biya a ranar. Daga wannan littafin za ka san wanda za ka riƙe da wanda za ka saki. Ka kuma lura kada mutum ɗaya ya zama shi ne fiye da rabin abin da kake samu, domin ayyukan ƙungiyoyi da tallafi suke tafiya, ranar da ya yanke sun yanke.

A nan ma za ka ga fannin da hannunka ya fi faɗawa. Mai cewa "ina rubuta komai" yana gasa da kowa. Wanda aka sani da fassarar lafiya, ko bayanin noma ga manoma, ko harkar banki da kuɗi cikin Hausa mai sauƙi, ko rubutun wasan rediyo, shi ake nema da suna, kuma aikin yana yi masa sauri tunda kalmomin suna hannu. Awa shidan nan ta koma huɗu, farashi bai sauka ba, ribar ƙwarewa ke nan. Tara ayyukanka biyar mafi kyau a wuri ɗaya da za ka iya turawa da mahaɗi guda, bayan ka nemi izinin masu su. Duk wanda ya yaba aikinka, roƙe shi layi biyu a rubuce, ka kuma ce in ya ji mai nema ya tuna da kai.

Alamar lokacin ƙari ta fito fili: aiki ya fi ƙarfin lokacinka, ko kowa yana amsa farashinka ba tayi, ko lissafin mataki na ɗaya ya tashi. Fara da sababbin masu aiki, su ba su san tsohon farashi ba. In uku a jere sun karɓa, sai ka juya kan tsofaffi, ka ba su sanarwar wata guda:

"Alhaji, barka da aiki. Ina sanar da kai cewa daga farkon watan gobe farashin maƙala zai koma naira 30,000. Ayyukan da muka riga muka tsayar suna nan a tsohon farashi. Na gode da hulɗar arziki."

Ba sai ka jero tsadar data da fetur ba, shi ma a ƙasar yake. Ƙarin kashi 15 zuwa 25 ya fi saurin shiga fiye da ninkawa dare ɗaya. In tsohon mai aiki ya ce ba zai iya ba, kuma mai biya a kan lokaci ne, ka ba shi wata uku a tsohon farashi ko ka rage yawan abin da kake yi masa. In mai jan biya ne, ka bar shi ya tafi, ka sa awanninsa a neman wanda zai maye gurbinsa.